Sauya Makaranta a Tsakiyar Digirin Koyar da Kiɗa a Amurka

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. A Amurka ɗalibai da yawa suna fara karatu a kwalejin al'umma mai shekara biyu, inda kuɗin makaranta yake da sauƙi, daga baya su koma jami'a su ƙarasa digiri. A takarda lissafin ba shi da wuya, domin digirin farko yana buƙatar kiredit (ma'aunin darussan da ɗalibi ya kammala) kusan 120, ɗalibi kuma ya taho da 60 a hannu, saura shekara biyu ke nan. Amma ga mai neman digirin koyar da kiɗa da waƙa, sau da yawa wannan lissafin dokin Rano ne, kuma wanda bai gane haka ba kafin ya zaɓi jami'a yana iya tarar da shekara uku ko fiye a gabansa.

Dalilin yana cikin yadda aka jera darussan. Ƙa'idojin kiɗa, da horar da kunne, da fiyano, da darasin da ɗalibi yake ɗauka shi kaɗai a gaban malaminsa, duk ana yin su ne daki-daki, zango bayan zango, yawanci har zango huɗu a shekaru biyun farko, kuma ba a barin mutum ya haɗa mataki biyu a lokaci guda. Ban da wannan, shiga sau biyu ake yi. Jami'a tana iya karɓar ɗalibi bisa sakamakonsa, amma sashen kiɗa ba ya karɓarsa sai ya zo ya kaɗa ko ya rera an ji da kunne.

Ku dubi abin da yake faruwa ranar gwaji. Ɗalibi yana zaune da fensir da takarda mai layuka biyar-biyar, malami ya buga ɗan gajeren sauti a fiyano sau uku ko huɗu, ya ce a rubuta abin da aka ji. Daga nan a miƙa masa rubutaccen sautin da bai taɓa gani ba, a ce ya rera nan take. Idan ya yi tuntuɓe, za a mayar da shi mataki na uku ko na biyu, ko da takardar sakamakonsa ta nuna ya ci duka huɗun. Idan kuwa aka yi rashin sa'a darasin da aka mayar da shi sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, to, jiran zuwansa kawai ya isa ya cinye watanni.

Saboda haka akwai bambancin da ya kamata ɗalibi ya riƙe da kyau, tsakanin kiredit ɗin da jami'a ta karɓa da kiredit ɗin da za a lissafa a cikin digirin da yake nema. Ofishin shiga yana iya cewa an karɓi duka 60, alhali an zuba wani kaso a jerin darussan zaɓi, waɗanda ba su rage masa ko zango ɗaya. A ganina tambayar da ta fi kowace amfani ita ce a nemi mai ba ɗalibai shawara a sashen kiɗa, ba ofishin shiga ba, ya rubuta jadawalin zangunan da suka rage har zuwa ranar kammalawa. Sashen da ya yi ta kewaye-kewaye a kan wannan buƙata ya riga ya ba da amsa.

Wasu jihohi sun sauƙaƙa lamarin. Jihar Fulorida tana da lambobin darasi iri ɗaya a kwalejoji da jami'o'inta na gwamnati, Kalifoniya kuma tana da shaidar karatun shekara biyu da aka tsara musamman domin komawa jami'o'in jihar. Duk da haka, irin wannan yarjejeniya ba ta ɗauke wa ɗalibi gwajin sashen kiɗa. Yana da kyau kuma a duba ko sashen yana da amincewar NASM, ƙungiyar makarantun kiɗa ta ƙasa wadda aka kafa a 1924.

Sai batun lasisin koyarwa, wanda jiha ce take bayarwa ba jami'a ba. Wanda yake son ya koyar a wata jiha ya tabbatar cewa shirin da zai shiga yana kai mutum ga lasisin da jihar take amincewa da shi, kuma ya san cewa jihohi da dama suna neman jarrabawar Praxis ta tantance malamai. Lasisin kiɗa a wurare da yawa ya haɗa tun daga ajin ƙananan yara har ƙarshen sakandare, shi ya sa ake sa mai busa kakaki ya koyi riƙe kayan tsirkiya da ganguna, ya kuma koyi jagorantar ƙungiyar makaɗa ko mawaƙa da hannu. Waɗannan darussa ba kasafai kwalejin al'umma take da su ba. Zangon ƙarshe kuwa na koyarwar gwaji ne, ɗalibi yana makarantar da yake koyarwa tun safe har a tashi, yana biyan kuɗin jami'a, yawanci ba albashi, kuma da wuya ya samu sararin yin wani aiki a gefe.

Kowane zango da ya ƙaru kuɗi ne. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya yana da iyaka, kwatankwacin zango 12 na cikakken karatu, kuma zangunan da aka riga aka ci a kwalejin al'umma suna cikin lissafin. Idan sashen kiɗa ya ba da tallafinsa, a tambaya zango nawa zai ɗauka, kuma ko ya shafi zangon koyarwar gwaji.

Kafin a sa hannu a kan komai, ɗalibi ya rubuta wa malamin da zai riƙa koya masa kayan kiɗansa ya nemi darasin gwaji, domin da wannan mutum zai riƙa zama su biyu kowane mako har ya gama. Ya tafi da abin da ya fi ba shi wahala a cikin abubuwan da yake kaɗawa, ya ga yadda malamin zai gyara masa.