Tseren Babura: Ire-irensa da Gwanintar da Kowanne Yake Nema

Barkanmu da wannan lokaci, masu kallo. Ku dubi babur ɗin nan da kyau yayin da yake shiga kwana. Ya kwanta har gwiwar mahayin tana gogar kwalta, kuma bai rage gudu yadda ido yake zato ba. Abin da ke riƙe da mutum da babur a wannan lokaci shi ne ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa, wanda faɗinsa bai fi na katin banki ba, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Mutane da yawa sun ɗauka tseren babur murɗa totur ne da ƙarfin zuciya. Totur kowa ya iya murɗawa. Gwaninta ita ce mutum ya san iyakar kamun da tayarsa take yi wa ƙasa, ya je dab da iyakar, kada ya tsallake ta.

Mu fara da babbar gasar da aka fi sani, MotoGP. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta fara gasar cin kofin duniya a 1949, kuma tun 2002 babban rukuninta yake amsa wannan suna. Baburan ba na sayarwa ba ne. Kamfanoni irin su Ducati da Honda da Yamaha da KTM da Aprilia suna ƙera su ne don tseren kawai, a rufaffun filaye masu kwalta mai laushi. A filin Mugello na Italiya, a 2023, Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya kai kilomita 366.1 a awa. To amma miƙaƙƙiyar hanya ba ta cika raba gardama ba, don a nan kusan inji ne yake magana. Inda ake gane maza shi ne ƙarshen miƙaƙƙiyar, inda dole a sauko daga wannan gudu zuwa ƙasa da kilomita 100 cikin 'yan daƙiƙu.

Birkin gaba ne yake yin kusan duk aikin. Da an kama shi, nauyi yana komawa gaba, tayar gaba ta ƙara dannuwa a kwalta, ta baya kuwa wani lokaci har ɗagawa take yi sama. Ba fizgarsa ake yi ba: ana fara matsawa a hankali don nauyin ya sauka a kan tayar, sannan a matse da ƙarfi. Abu mafi wuya kuma shi ne sakinsa. Gwani yana shiga kwana da birki a hannu, yana sassautawa daidai gwargwadon yadda babur yake ƙara kwanciya, saboda kamun taya ɗaya ne, birki da kwana ne suke raba shi. Idan ka ba birki da yawa, kwana ba ta samu ba, sai gaba ya zame. Kuma a wannan gasa an hana na'urar da ke kare taya daga kullewa, komai a yatsun mahayi yake.

Yadda ake kwantar da babur ɗin ma yana ba mutane mamaki. Idan ana gudu, mai son shiga dama hannun dama yake turawa gaba, wato ya ɗan karkata kan babur zuwa hagu, sai babur ya faɗo dama. Duk mai tuƙa babur yana yin haka ko bai sani ba, ɗan tsere ne kawai yake yi da gangan, da ƙarfi, a kan lokaci. Sannan ya zame daga kan sirdi ya rataye ta cikin kwana. Ba ado ba ne. Idan nauyin jikinsa ya koma ciki, babur zai iya shan kwanar ba tare da ya kwanta sosai ba, taya ta samu saura. Gwiwar da ke gogar kwalta awo take yi masa, tana gaya masa inda ya kai. Yau baburan suna kwanciya fiye da digiri 60, har Marc Márquez na Sifaniya ya mayar da gogar gwiwar hannu abin yau da kullum.

Sai ido. Babur yana bin inda mutum yake kallo. Wanda ya tsorata ya ƙura wa bakin hanya ido, can zai je. Shi ya sa za ku ga kan mahayi a juye, yana kallon mafitar kwana tun bai kai tsakiyarta ba.

Faɗuwa iri biyu ce. Idan taya ta zame babur ya kwanta ya tafi, mahayi yakan sulale a kwalta cikin rigar fata, sau da yawa ya tashi ya kakkaɓe. Mummunar ita ce tayar baya ta fara zamewa a fitar kwana, sannan ta sake kama ƙasa farat ɗaya, babur ya miƙe ya cilla mutum sama. Sakin totur gaba ɗaya cikin firgici yana cikin abin da ke jawo ta. Tun 2018 aka wajabta rigar da ke da jakar iska a ciki, mai kumbura kafin mahayi ya daki ƙasa.

Akwai kuma gasar Superbike, wadda aka fara a 1988, inda ake amfani da baburan kasuwa da aka yi wa gyara. Jonathan Rea ya lashe ta sau shida a jere daga 2015 zuwa 2020, kafin Toprak Razgatlıoğlu ɗan Turkiyya, wanda ya yi suna wajen birki, ya karɓe a 2021. A tseren juriya kuwa, irin na awa 8 a Suzuka ta Japan da na awa 24 a Le Mans ta Faransa, mahaya kan yi karɓa-karɓa da babur ɗaya, kuma wanda ya lallaɓa taya da inji shi ne yake kai gaci.

Yanzu mu tsallaka tsibirin Isle of Man, tsakanin Ingila da Ireland. Tun 1907 ake tseren Tourist Trophy, wato TT, a can, a kan titunan gari da ake rufewa. Zagaye ɗaya kilomita 60.7 ne, da kwanoni sama da 200, tsakanin gidaje da katangun dutse da turakun lantarki, har kan dutsen Snaefell. Ba a sakin mahaya tare, ɗaya bayan ɗaya ake saki da tazarar daƙiƙa 10, kowa da agogo yake tsere. A 2023 Peter Hickman ya kammala zagaye cikin minti 16 da daƙiƙa 36, matsakaicin gudunsa kusan kilomita 219 a awa. A nan hadda ce gwaninta. Yawancin kwanonin ba a ganin bayansu, dole mutum ya haddace kowace gargada da kowane tudu, aikin da yake cin shekaru. Ba zan ɓoye muku ba, wannan tsere yana ba ni sha'awa kuma yana tayar mini da hankali, domin sama da mutum 250 sun rasu a kan wannan hanya. Bayan rasuwar ɗan tseren Italiya Gilberto Parlotti a wannan tsere a 1972, Giacomo Agostini, zakaran duniya sau 15, ya ce ba zai sake tsere a can ba, wasu suka bi shi, kuma bayan 1976 aka cire TT daga gasar duniya.

Idan aka sauka daga kwalta aka hau turɓaya, lissafi yana juyewa. A motocross zamewar taya ba haɗari ba ce, da ita ake tafiya. Mahaya kusan 40 suke tashi a layi ɗaya su nufi kwana ɗaya, kuma filin yana canzawa a kowane zagaye, ramuka na ƙara zurfi. Galibi a tsaye ake tuƙi, ƙafafu suna shanye gargada, gwiwoyi sun matse babur don hannu ya samu sauƙi. Wanda ya damƙe kan babur da ƙarfi damatsansa za su kumbura su sandare, har ya kasa jan birki. Ko a sama ma tuƙi ake yi: bayan tsalle, murɗa totur yana ɗaga gaban babur, taka birkin baya yana sunkuyar da shi. A Amurka sun shigar da wasan cikin filayen ƙwallo, suna kiransa Supercross.

Speedway kuma, wanda mutanen Poland suke matuƙar so, babur ne mai giya ɗaya, babu birki kwata-kwata. Mutum huɗu, zagaye huɗu, kusan minti ɗaya an gama. Don rage gudu sai a jefa bayan babur gefe, a sha kwana da zamewa, ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe tana jan ƙasa.

Wanda ya fi burge ni a duk cikinsu ba shi da gudu ma. Ana ce masa trial. Babur ne ɗan siriri marar sirdi, ana hawa duwatsu da kututture da katanga da shi, kuma duk sa ƙafa a ƙasa maki ne a kanka, mai mafi ƙarancin maki shi ya ci. A nan ake ganin zallar daidaito da wasa da kuloci. Toni Bou na Sifaniya ya fara cin kofin duniya a 2007, ya kuma yi ta maimaitawa shekara bayan shekara.

Sai Dakar, tseren ratsa hamada. Na farko ya tashi daga Paris a ƙarshen Disamban 1978, ya ratsa Aljeriya da Nijar da Mali, ya isa Dakar, babban birnin Senegal, a Janairun 1979, kuma Cyril Neveu ne ya ci a rukunin babura. An soke na 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, aka koma Kudancin Amurka, sannan Saudiyya tun 2020. Kusan mako biyu ake yi, ɗaruruwan kilomita a rana. Babu allunan hanya. Mahayi yana karanta alamomin hanya a littafin jagora da ke maƙale a gaban babur yana cikin gudu, kuma idan ya tsallake wurin da aka ce a bi, a ƙara masa lokaci. Dole ya iya karanta rairayi, ya san inda zai nutse, ya sassauta a ƙoƙuwar tudu don bayansa na iya zama rami. Wanda ya fara fita shi yake shan wahalar neman hanya, na baya su bi sawunsa. Akwai ma matakin da ba a yarda makanikai su taɓa babur ba, mahayi ne zai kwana yana gyaran abinsa.

Waɗannan duniyoyi biyu, kwalta da turɓaya, ba a rabe suke ba. Kenny Roberts ya taso ne a tseren turɓaya na Amurka, ya zo Turai da sabon salon juya babur da tayar baya, ya ci kofin duniya sau uku a jere daga 1978 zuwa 1980. Dalilin a fili yake: a kan turɓaya taya tana zamewa a ƙaramin gudu, mutum zai ji zamewar sau da yawa a yini ɗaya, jikinsa ya koyi gyara ta ba tare da firgita ba. Valentino Rossi, mai kofin duniya tara, ya gina irin wannan fili a garinsu Tavullia, inda yake horar da matasan Italiya. Cikin waɗanda suka sha ƙurar filin akwai Francesco Bagnaia, wanda ya lashe MotoGP a 2022 da 2023 a kan Ducati.