Lauya ya yi barci, fursuna ya biya

Masu sauraro, a shekarar 1984 wata kotu a birnin Houston na jihar Texas a Amurka ta yanke wa Calvin Burdine hukuncin kisa. Lauyan da kotu ta ba shi ya riƙa sheƙa barci ana tsakiyar shari'a, kuma ma'aikatan kotun da masu taya alƙali yanke hukunci sun shaida haka. Duk da haka, a 2000 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka ce hukuncin yana nan daram, wai ba a tabbatar barcin ya faɗo a gaɓa mai muhimmanci ba. Jama'a, shari'ar da ran mutum ke kan siraɗi, wace gaɓa ce ba ta da muhimmanci? Sai a 2001 cikakken zaman kotun ya warware wannan abin kunya.

Tushen matsalar shi ne ma'aunin da Kotun Ƙolin Amurka ta kafa a shari'ar Strickland, ita ma a 1984. Bai wadatar ka nuna lauyanka ya yi sakaci ba. Sai ka kuma nuna cewa da bai yi ba, mai yiwuwa da hukuncin ya sauya. Wato wanda ke kulle a kurkuku, ba kuɗi ba mataimaki, shi zai tono shaidun da lauyansa ya ƙi tonowa. Lauya ya yi sakaci, fursuna ya biya. Wata dokar tarayya ta 1996 kuma ta ba shi shekara ɗaya tak ya kai kukansa kotun tarayya. Lauya ya makara, fursuna ya biya.

Za a ce ai dole shari'a ta zo ƙarshe, kuma wasu masu laifi na fakewa da wannan ƙorafi don jan lokaci. Akwai su, ban musa ba. To don ɓarawo na kukan ƙarya, sai a toshe kunne ga kowa?

Ku dubi Barry Jones na jihar Arizona, wanda shi ma aka yanke wa hukuncin kisa. Alƙalin tarayya ya saurari likitocin da lauyansa na farko bai taɓa nema ba, ya soke hukuncin a 2018. A 2022 Kotun Ƙoli, alƙalai 6 cikin 9, ta ce bai ma kamata a saurari waɗannan shaidu ba, tunda lauyansa na biyu bai gabatar da su a kotun jiha ba. Lauyoyi biyu suka yi sakaci, mutum ɗaya ya biya. Sai a Yunin 2023 ya fito, ta hanyar sasantawa da masu gabatar da ƙara, bayan shekara 29 a tsare.