Ku Tambayi Yaron Abin da Ya Gani a Littafin

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke nan gaba, malamai abokan aiki, da ku ɗalibai da kuka cika bayan ɗakin, sannunku da zuwa. An ce in yi magana a kan matasa da ƙagaggun labarai. Ba zan tsaya kan ko yaranmu suna karatu ba, don suna yi, wasu a takarda, da yawa a waya. Abin da ke damuna shi ne irin tambayar da muke musu. Uba ya ga littafi a hannun ɗansa, tambayarsa ɗaya ce: zai fito a jarrabawa? In ba zai fito ba, ajiye shi. Da wuya ka ji an ce, to me ka gani a ciki?

Ina da ɗalibi ɗan aji biyar na sakandare wanda littafi ba ya kwana biyu a hannunsa. Ra'ayinsa zan kawo muku yau, don na ƙaru da shi.

Na tambaye shi littattafan ban tsoro. Ya ce, "Malam, yawancinsu ba sa ba ni tsoro." Na ce saboda me? Ya ce tun shafi na biyu marubuci ya fito da aljanin fili, ya lissafa jajayen idanu, farata zaƙo-zaƙo, gashi har gadon baya. Da ya gan shi, ya san iyakarsa, shi ke nan. Wanda ya hana shi barci, in ji shi, wani labari ne da mace take jin ana daka a tsakar gidanta cikin dare. Ta leƙa, turmi na kife, taɓarya na jingine inda ta bar ta, ba kowa. Ta koma ta kwanta, dakan ya ci gaba.

Jama'a, yaron nan ya gano abin da kakanninmu mata suka daɗe da sani. Wa ya taɓa kwatanta muku Dodo ƙarara a tatsuniya? Waƙarsa kake ji daga nesa, tana matsowa, kowane yaro a kan tabarmar nan yana ƙera nasa Dodon a zuci. Kuma ku lura, cikin mutane ake yin ta, a gefen kaka, in an ce ƙurunƙus kowa ya sauke ajiyar zuciya. Yaro ya shiga tsoro ya fito lafiya. Ban ce kowane littafi ya dace da kowane yaro ba. Akwai waɗanda ba komai cikinsu sai yanka da jini, ni ma ba zan ba ɗana ba. Amma ba za ka bambance su ba in ba ka buɗe ba, ko ka zaunar da yaron ya ba ka labarin.

Ya ƙara da wani ƙorafi. Ya ce an yi shafi ɗari ana wahala, sai a shafin ƙarshe malami ya zo ya yi ruƙiyya, layi biyar an gama. Ya ce shi ba ya jayayya da ƙarfin addu'a, marubucin ne ya gaji ya gudu.

Littattafan yaƙi da sihiri kuwa, masu sarakunan aljanu da takubban tsafi, yana son su ƙwarai, amma hukuncinsa gajere ne. Jarumin da sara ɗaya yake zubar da mutum dubu, ba ka jin fargaba a kansa, don ka san ba abin da zai same shi. Ya ce in za a ba mutum sihiri, a sa masa farashi, ya rasa wani abu duk lokacin da ya yi amfani da shi. Shi ya sa har yau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ke da daɗi: Alhaji Imam yana cin duka, Malam Zurƙe yana yi masa wayo, shi ma ya rama.

Inda muka fi daɗewa shi ne labaran tarihi. Ya ce a duk abin da ya karanta, ba wanda ya tsorata shi kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafin da babu aljani ko ɗaya a ciki. An sace yaro ƙarami, ya ƙare a hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetara hamada da shi. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wuyar bauta, sai a Tarabulus suka haɗu, ba a daɗe ba ta rasu. Yaron ya ce min, "Malam, aljanin littafi in na rufe littafin ya tafi. Wannan kuwa an yi wa mutane shi, a ƙasarmu, kuma mutane ne suka yi." Ban da abin da zan ƙara a kan wannan magana.

Sai ya zo kan Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa, daga baya jarumin ya faɗa duniyar aljanu. Wannan bai yi masa ba. Ya ce ya rasa inda gaskiya ta tsaya da inda ƙirƙira ta fara, kuma a ganinsa marubucin tarihi bai kamata ya ƙara komai ba. Nan ne muka saɓa. Na ce masa tarihi ya gaya mana Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ya gaya mana wasu daga mabiyansa sun wuce har Sudan, suka zauna a Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Bai gaya mana abin da wata mata ta ɗaure a ƙunshinta ba ranar da ta bar gida, ko abin da ta ce wa ɗanta da ya gaji da tafiya. Wannan gurbin na marubuci ne, dole ya ƙirƙira. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya canza shekara, ko ya ba wanda aka ci da yaƙi nasara. Yaron bai yarda gaba ɗaya ba, kuma na ji daɗin hakan, don da hujja ya tsaya.

Iyaye, kada ku ce ai yaro ne. Littattafan nan uku da na ambata daga gasar 1933 suka fito, wadda wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a Zariya. A lokacin Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, Tafawa Ɓalewa bai wuce 21 ba. Tsakaninsu da waɗannan da ke zaune a baya shekaru kaɗan ne.

Lokacina ya kusa. Ina roƙon shugaban taro ya fara ba ɗalibai dama kafin manya. Ke da kika ɗaga hannu tun ina maganar turmi, taso, a miƙa mata makirufo.