Sharhi: Kafin ka jera lasifika shida a falonka

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau kan kayan sauti ne, lasifikokin nan da ake jerawa a falo domin kallo ya zama kamar na gidan silima. Da an tunkari sallah ko lokacin bukukuwan aure, sai ka ga kwalayensu jibge a shagunan kayan lantarki na babbar kasuwar Maradi, wasu sababbi da aka shigo da su daga Kano da Katsina ta Ɗan Isa, wasu kuma gwanjo. Yanzu har jeren amarya sun shiga.

Abu biyu ke sayar da su: yawan akwatuna, da lambar da aka buga ɓaro-ɓaro a jikin kwali. A ganina kuwa, su ne na ƙarshe da ya kamata mai saye ya damu da su.

Mu fara da lambar. Kwali zai ce maka wat 5,000, kusa da shi an rubuta PMPO da ƙananan baƙaƙe. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka yarda da ita, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Alhaji, juya akwatin ka duba bayansa, daidai inda wayar wuta ta fito. Akwai ƴar takarda a manne da ke faɗin wutar da yake ci. In ka ga an rubuta wat 60 ko 80, magana ta ƙare, domin na'ura ba ta iya ci gaba da fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Awon da ake kamawa shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya fitarwa a kai a kai, kuma a falo irin namu wat 50 na gaskiya ga kowace lasifika ya isa har da ragi. Ko da ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), abin da kunne zai ji an ɗan taɓa ne kawai. Sai an ninka sau goma sannan mutum yake jin kamar ƙarar ta ninka. Shi ya sa lasifika mai awon desibel 90 take ba da ƙarar da mai desibel 87 ba za ta bayar ba sai an ba ta wuta ninki biyu. Sai kuma om, ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta: lasifikokin gida galibi om 8 ne, ko 6, ko 4. In ampilifayarka an rubuta mata 6 zuwa 8, ka ɗaura mata masu om 4 ka ƙure murya, zafi za ta ɗauka ta kashe kanta, in da ƙarar kwana ta ƙone.

To, mene ne wannan 5.1 da ake ta ambato? Lasifika biyar ne da wufa ɗaya: biyu a gaba, dama da hagu, ɗaya a tsakiya ƙarƙashin talabijin, biyu a gefen mai kallo ta baya, sai wufa mai fitar da rugugi. Tsarin ya yaɗu a gidajen silima ne bayan fitowar fasahar sauti ta Dolby Digital a 1992, DTS ya biyo baya a 1993, daga baya faifan DVD ya yaɗa shi cikin gidaje.

A cikin shidan nan, wadda ta fi kowace aiki ita ce ta tsakiya, domin kusan duk maganar ƴan wasa daga nan take fitowa. Kuma ita ce masu haɗa kayan araha suke yi wa rowa: ɗan akwati mara nauyi, na roba, wanda in ka ƙwanƙwasa shi sai ya amsa kamar gwangwanin madara. Sakamakon kun san shi. Mota ta fashe a fim, gida ya girgiza, jariri ya farka. Mutum biyu su zauna magana, sai a ji maigida yana tambayar yara, me ya ce? A ƙara murya, a rage, a ƙara, rimot ba ya hutawa har fim ya ƙare.

Saboda haka in ka je saye, kada ka bar wa mai shago zaɓin abin da za a gwada. Shi kiɗa mai duka zai saka, ya ƙure, har masu wucewa su waiwayo. Wannan sana'arsa ce, ba laifi. Kai ka zo da naka a memori: labarai, ko wa'azi, ko wani fim da ka san maganarsa. Ka ce, malam, rage, ƙara ragewa, har ya dawo daidai yadda za ka ji a gida bayan isha'i. Sannan ka kasa kunne ga muryar namiji da ta mace, ka ji ko ts da sh da ƙ suna fita tsaf ko suna cakuɗewa. Ka matsa gefe, inda Hajiya za ta zauna, ka ji ko maganar tana nan. Lasifikar da ta ci wannan jarrabawa ita ce abin saye. Kuma ukun nan na gaba su zama ƴan gida ɗaya, kamfani ɗaya, jeri ɗaya, don kada muryar mutum ta sauya yayin da yake tafiya daga dama zuwa hagu a allo.

Akwai wata magana da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Galibin abin da muke kallo, finafinan Hausa da ake turawa a waya da waƙoƙi da karatuttuka, da layin sauti biyu aka naɗe su, dama da hagu. Ba su da wani sauti na baya. Na'ura mai kyau tana iya rarraba shi ta hanyar dabaru irin su Dolby Pro Logic, mara kyau kuwa maimaita abu ɗaya take yi a duk akwatunan. Haɗin Bluetooth ma layi biyu yake ɗauka, haka nan wayar nan mai kai ja da fari. Wanda ke son 5.1 na ainihi sai ya haɗa da HDMI, ramin da aka rubuta ARC, ko wayar haske, kuma fim ɗin ko tashar su kasance da shi tun asali. Ka tambayi kanka abin da kake kallo kafin ka biya kuɗin akwatunan baya. Batun 7.1 da Dolby Atmos mai lasifika a silin, wanda ya fito a 2012, wannan sai mai ɗaki na musamman, mu wuce.

Ɗakin ma yana da nasa hannu. Falon da aka shimfiɗe da tayil, bango siminti tsirara, sama kwano, amsa-kuwwa yake yi. Tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji tafin ya yi wutsiya, to ko lasifikar miliyan ka kawo, magana za ta dagule. Maganinsa ba tsada: kafet, labule mai kauri, kujeru masu laushi, matasai. Na gaba biyu a ware su kamar digiri 30 dama da hagu daga inda kake zaune, wato tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan tazararka da kowace ɗaya. Na gefe su ɗan wuce kafaɗarka ta baya, wajen digiri 110, in kuma kujera ta jingina da bango, a gefe kawai za a sa su. Abin da nake yawan gani a gidaje shi ne an kafe su can kusa da silin don kada yara su taɓa. Uzuri ne mai ƙarfi, amma siririn sauti miƙewa yake yi kai tsaye, kuma da yawanmu a kan kafet muke zama mu yi kallo. In dole sai sama, a karkato da fuskarsu ƙasa.

Wufa kuwa aikinta abin da ke ƙasa da haz 80 ne, wato sauti mai kauri sosai, kuma kunne ba ya gane inda irin wannan sauti yake fitowa, don haka ba dole ta zauna a gaba ba. Ɗora ta a mazauninka, saka kiɗa, ka zagaya ɗakin a durƙushe; inda ka ji rugugin ya fita sumul, nan ne wurinta. In ka cusa ta a lungu za ta ƙara ƙarfi, amma tagogi da kwanon rufi za su taya ta kaɗawa. Sannan a tuna, katanga tana tare magana, ba ta tare rugugi. Abin da kake ji daɗi a falonka, maƙwabcinka dukansa kawai yake ji a ƙirji, ga mara lafiya, ga mai sallar dare.

Wutarmu bolt 220 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, jonawa ɗaya ta ishe su, don haka a karanta bayan akwati kafin a biya. A nemi na'urar daidaita wuta, saboda hawa da saukar da take yi. Hajiya, don Allah wannan ƙyalle mai ado da ake rufa wa ampilifaya a ɗage shi in an kunna. Ramukan saman nan numfashinta ne, musamman a zafin Afrilu da Mayu. In an kashe ta huce, a rufe ta saboda ƙurar hunturu. Mai sayen lasifikar gwanjo ya cire ragar gaba ya duba soson da ya kewaye bakinta, domin zafi da shekaru suna rududdugar da shi. Ya ɗan danna ta a hankali da yatsu. In ya ji tana gurza, ya ajiye.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya rarraba su kan akwatuna shida marasa kirki. Ya fara da ampilifaya mai gurbin 5.1 da lasifika biyu masu kyau. In hali ya samu ya ƙara ta tsakiya daga jerinsu, sannan wufa. Na gefe su ne na ƙarshe, kuma su ko ƙanana ne sun wadatar. Wajen haɗa waya kuma, ja ga ja, baƙi ga baƙi a kowace lasifika. In ɗaya ta juye, rugugin raguwa yake yi, murya kuma ta rasa tsakiya.