Tekun da Ya Taɓa Shafe Gombe

A ce ga wani dutse a hannunka, dube shi da kyau. Ka ga yadda ya nannaɗe kamar ƙahon rago? Ba sassaƙa shi aka yi ba. Ƙwanson wata dabbar teku ce da masana ke kira amonait, kuma irinsa na fitowa daga ramin da ake haƙar farar ƙasa a Ashaka, cikin ƙaramar hukumar Funakaye.

To me ya kawo dabbar teku Gombe, inda kafin ka ga teku sai ka yi doguwar tafiya zuwa kudu?

Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Kudancin Amurka suna rabuwa. A wannan tsagewar ne ƙasa ta lotsa, aka samu dogon kwarin da ake kira Kwarin Binuwai. Wajen shekara miliyan 94 baya, duniya ta yi zafi, teku ya cika ya batse. Ruwa ya shigo ta kudu, wani ya gangaro ta arewa ya ratsa inda Nijar take yanzu, suka haɗu. Sahara kanta a lokacin mashigin ruwa ce.

Ita amonait a bakin ƙwanson take zaune, a ɗaki na ƙarshe. Sauran ɗakunan da ke ciki iska ce da ɗan ruwa, da su take daidaita nauyinta ta yi sama ko ta nutse. Idan ta mutu, naman ya ruɓe, ƙwanson ya kwanta a ƙasan teku, laka ta cika ɗakunan. Wata lakar ta hau, wata ta sake hawa, nauyi ya danne har komai ya zama dutse. Waɗannan layukan masu lanƙwasa da kake gani a jikinsa sawun bangon ɗakunan ne, kuma suna cikin abin da ake dubawa a bambanta wani jinsi da wani.

A nan amfaninta yake. Jinsunan amonait ba sa daɗewa, wani ya ɓace wani ya fito, ga su kuma sun bazu a tekunan duniya. Saboda haka in aka samu jinsi ɗaya a Gombe da Tunisiya, an san shimfiɗun duwatsun biyu sa'o'in juna ne. In an auna shekarun tokar dutse mai aman wuta da ke cikin shimfiɗa ɗaya, an samu na ɗayar ke nan. A 1954 masani Richard Reyment ya raɗa wa wasu sunan Gombeoceras da Bauchioceras, don a wannan yankin aka samo su.

Daga baya teku ya janye, fadamu da dazuzzuka suka maye gurbinsa. Itatuwansu ne suka zama kwal ɗin da ake haƙa a Maiganga. Masu neman man fetur, irin aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, su ma da burbushin halittu suke gane shimfiɗar da suka kai, sai dai nasu ƙanana ne, sai da madubin ƙara girma.

Amonait kam ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da dinoso, manyan dabbobin nan na zamanin da masu kama da ƙadangaru. In ka tsinci ɗaya, ka ɗauki hotonta a inda take kafin ka ɗaga, ka rubuta wurin. Wadda ba a san shimfiɗar da ta fito ba, rabin labarinta ya tafi. Sai ka kai sashen nazarin ƙasa da duwatsu na jami'a, a Gombe ko Bauchi.