Amsoshin Tambayoyinku: Rikicin Kamaru da Katse Intanet

Jama'a barkanmu da war haka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuwa kaɗan ne.

Wani daga Maraɗi yana tambaya, jihohi nawa ne masu amfani da Ingilishi a Kamaru? Guda 2 ne cikin 10, Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma.

Wata baiwar Allah daga Mubi ta ce kakanta ya nace wai da can su 'yan Kamaru ne. Ki daina musu da tsoho, 'yar'uwa! A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ne yankinku ya zaɓi Najeriya, su Bamenda, babban birnin Arewa maso Yamma a yau, suka zaɓi Kamaru.

To, ga wadda ta fi yawa, daga Garwa har Yawunde: shin katse intanet ya kashe wutar rikicin jihohin masu Ingilishi? Dakta, bismillah.

"Ai akwai wani masani ɗan Kanada, Marshall McLuhan, wanda tun 1964 ya ce hanyar da saƙo ya bi ta fi saƙon tasiri. Kanada ɗin ma fa tana da nata rikicin Faransanci da Ingilishi a Kebek, har sun yi ƙuri'a a 1980 da 1995..."

Dakta, a dawo da mu Bamenda, Allah ya gafarta malam.

"Af, to. Lauyoyi da malaman makaranta ne suka fara a ƙarshen 2016, kan turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci. Ranar 17 ga Janairun 2017 aka kama jagororinsu, irin su lauya Agbor Balla, aka kuma katse intanet a jihohin biyu har wata uku. Waɗanda aka kama tsarin mulkin tarayya suke nema. Da bakinsu ya rufu, sai magana ta koma hannun mazauna ƙetare a Facebook, masu neman ɓallewa. Ranar 1 ga Oktoban 2017 masu neman ɓallewa suka ayyana jihohin biyu a matsayin ƙasar Ambazoniya."

Ku ji da kyau, bari in maimaita: an rufe bakin na gida mai sassauci, na waje mai zafi ya samu fili. A ganina wutar ba ta mutu ba, fetur aka zuba mata. Mutumin da bai yarda da labaran CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Kamaru, ba, ka hana shi waya, ai jita-jita zai kama.

Ɗan'uwanmu na Ngaundare, shafi huɗu ka aiko, haba malam! Taƙaita ka sake turowa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.