Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ake daskarar da na'urar hangen nesa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru yau kuma lokaci ba yawa, ga Dakta malamin fiziks a gefena, mu shiga kawai.

Wani ɗalibi daga Kawo ya ce su wa suka gano hasken farkon sararin samaniyar nan da muka taɓo makon jiya? Arno Penzias da Robert Wilson ne a Amurka, suka fitar da labarin a 1965, sai da suka share kashin tattabaru daga eriyarsu suna zaton shi ke kawo musu ƙara. Rubuta ka ajiye, kar ka sake tambaya.

Toh ga wadda ta zo daga Tudun Wada da Rigasa da Barnawa duk iri ɗaya: wai me ya sa sai an sanyaya na'urar kafin ta ga hasken, alhali can sama ma sanyi ne? Dakta bismillah.

Dakta: Yauwa. Ka ga hasken nan ya taso ne tun sararin samaniya na da shekara wajen 380,000 kacal, yanzu kuwa ana maganar biliyan 13.8, ya sha tafiya ya huce, zafinsa digiri 2.7 ne a ma'aunin Kelvin, wato kusan 270 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius da muka saba. Shi Kelvin ɗin ma farfesa ne a Glasgow, ya daɗe yana koyarwa a can, har aikin wayar ƙarƙashin teku ya yi...

Dakta dan Allah dawo kan hanya.

Dakta: Na dawo. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da nasa hasken, ni da kai da ita kanta na'urar. In ta fi abin da take nema zafi, hayaniyarta sai ta rufe shi, kuma bambancin zafin da ake farauta tsakanin wannan gefen sama da wancan kashi ɗaya ne cikin 100,000.

Kun ji ko? Bari in maimaita saboda masu tuƙi: na'urar ce ke damun kanta da kanta, shi ya sa ake sanyaya ta. To yaya ake yi?

Dakta: Hawa-hawa. Ɗauki na'urar hangen nesa ta Planck da Turai ta harba a 2009, kilomita miliyan 1.5 daga nan. Faifan kariya su sauke zafi zuwa wajen digiri 50 a ma'aunin Kelvin, injin haidurojin ya kai 20, na hiliyam ya kai 4, sannan a haɗa hiliyam-3 da hiliyam-4, wato nau'i biyu na hiliyam, shi hiliyam-3 yana narkewa cikin ɗan'uwansa yana kwashe zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa in gumin jikinta na bushewa, har a kai 0.1. Ta fi sararin da take ciki sanyi fa! Da hiliyam-3 ya ƙare a Janairun 2012 ɓangaren na'urar da ke buƙatar wannan sanyin ya tsaya.

Ni dai wannan ya fi harba ta ɗin ma burge ni wallahi.

Wani mai sayar da ƙanƙara a Kasuwar Bacci ya ce firizarsa za ta iya? Alhaji taka 18 ƙasa da sifili take kaiwa, shi ma in akwai wuta, ruwan hiliyam kuwa 269 ne.

Hajiya daga Unguwar Rimi ta ce a kawo mana ɗaya Kaduna lokacin hunturu mana. Hajiya ba sanyin gari ake bi ba, bushewar iska da tsayin wuri ake nema domin tururin ruwa na shanye hasken, shi ya sa suke hamadar Atacama a Chile sama da mita 5,000, da kuma tsakiyar Antatika.

Ana ɗaga min hannu lokaci ya cika. Masu turo shafi uku a kan tambaya ɗaya ku ji tsoron Allah ku taƙaita. Dakta mun gode, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.